Tarin da ke Cikin Faifai

Ranar Laraba, ana yayyafi irin na Jos,
wanda ba ya jiƙa riga, sai dai ƙashi,
Ngo Kachollom ta tsaya ƙofar shagona a Dilimi,
jikanta na biye da akwati a ka.

Ni mai gyaran rediyo ne.
Shekara talatin ina shaƙar hayaƙin dalma,
amma rabona da garmaho
tun ina yaron shago.

Ta ce, "Na Davou ne.
Baturen kuza ya bar masa
ranar da ya tattara ya bar Bukuru,
shi da fayafayai goma sha ɗaya
da bashin albashin wata biyu."

Bel ya tsinke, allura ta dakushe,
kyankyasai sun kafa unguwa a ciki.
Kwana tara na yi ina fama.
Allurar ma sai da na aika Kano.

Kwalayen sun yi laushi kamar tsohon kuɗi.
Hoton tudu mai ciyawa, tumaki, hasumiyar coci,
sama ruwan toka kamar tamu a watan Agusta.
A bayansu rubutun Davou da biro:
na safe, na Lahadi,
na daren da barci ya ƙi.

Na ɗora ɗaya don gwaji.
Da fari ƙarar suya, kamar an saka ƙosai a mai.
Sai goge, ba ɗaya ba, wajen arba'in,
suna tafe a hankali kamar shanu masu komawa gida.
Ba kalangu, ba maroƙi, ba a ambaci sunan kowa ba.
Na ce, to wa ake yi wa wannan kiɗan?
Sarewa guda ta zame daga cikin taron
ta yi sama ita kaɗai,
na bi ta da kunne har na ƙona yatsa.
Sabitu mai kanti ya leƙo: "Rasuwa aka yi?"

Asabar ta dawo.
Ba ta duba sauran ba, ta zaro na daren rashin barci,
ta zauna kan bencin da nake ajiye batura.

Muryoyin yara suka fara, sirara kamar zaren lilo,
manya suka shigo ta ƙasa suka tallafe su,
ɗakin da suke ciki yana mayar musu da kowace kalma
a makare, kamar kira a tsohon ramin kuza.
Na ce, "Ngo, me suke faɗa?"
Ta ce, "Oho. Shi ma bai taɓa sani ba. Yi shiru."

Muryoyin suka sauka, suka sauka,
har ba abin da ya rage sai juyin faifai.
A cikin wannan shirun,
can baya, a wani zaure na Ingila,
wani mutum ya yi tari. Sau biyu.

"Sannu," in ji Ngo.

Ta goge ido da bakin zane.
"Shekara arba'in da ɗaya, duk sanda aka zo nan
sai Davou ya ce masa sannu.
Tun da ya tafi ba wanda ya gaishe shi."

Jikan ya ce zai iya ɗora mata a waya,
kwamfuta ta wanke suyar, ta cire tarin tas.
Ta dube shi irin duban da ake yi wa
wanda ya taka kabari da takalmi.

Ban karɓi kuɗin aiki ba, sai na allura.
Ta bar min dankali rabin buhu.

Yau da asuba, a sahu na biyu,
wani baƙo ya yi tari a bayana, sau biyu.
Da ƙyar na riƙe bakina har aka sallame.